Shanu 13 Da "Bari Sai Kaka" Ta Cinye Mana

Waɗanda suka saba bin wannan fili sun san cewa maganata ba ta cika wuce burtali da mashaya da harajin da ake tare mu da shi a bakin kowace gada ba. To yau zan ɗan ratse, zan yi magana a kan zuciyar jarirai. Kada wani ya ce me ya haɗa jami'in ƙungiyar makiyaya, wanda karatunsa bai wuce firamare ba, da aikin likitoci. Abin da ya haɗa mu shi ne garke. Na ga ciwon yarinya guda ya cinye shanu 13 a gidanmu, kuma da bakina aka fara ɓarnar.

Ƙanena yana da 'ya, ran Lahadi aka haife ta cikin daminar 2017 a nan Haj Abdalla, saboda haka Ladi muke ce mata. Lafiya lau aka haife ta, aka yi suna, aka yanka rago. Sai da ta kai wajen wata biyu uwar ta lura cewa yarinyar ba ta iya shan nono kamar sauran yara. Za ta kama, ta ja sau uku ko huɗu, ta saki tana haki, gumi na tsattsafo mata a goshi ko da sanyin asuba ne. Haƙarƙarinta na shiga yana fita. Yaran da aka haifa tare da ita suka yi ɓul-ɓul, ita kuwa tana nan kamar jiya aka haife ta. Tsofaffi suka ce nonon uwar ne ba kyau. Wasu suka ce beli ne, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki. An sha rubutu, an yi turare, har lalas aka yi mata a ƙirji, tabon yana nan har gobe. Sau biyu ana kwantar da ita a kan limoniya kafin wani ma'aikacin jinya ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ya daɗe, sannan ya ce wa uban ya kai ta Madani a ɗauki hoton zuciyarta, wanda suke kira eko.

A watan Afrilun 2018 aka yi hoton, tana da wata takwas. Likita ta ce akwai huda babba a bangon da ya raba ɗakunan zuciyarta na ƙasa, kuma irin wannan ba ta toshewa da kanta. Ta ce a tafi Khartum a rubuta sunanta cikin masu jiran aiki, kuma a yi ƙoƙari kada ta wuce shekara ɗaya da yawa ba a yi ba.

Ƙanena ya dawo ya same ni a gindin bishiya. A lokacin shanunsa 34. Muka yi lissafi, muka ga bijimai biyu za su ɗauki nauyin mota da masauki da abinci da gwaje-gwaje. Amma Afrilu ne, ƙarshen rani, shanu duk sun rame, ƙashin baya a waje, kasuwa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, me ka gani?" Na ce masa, "Bijimin da za ka sayar yau, in ka bar shi ya ci ciyawar damina, kuɗinsa zai kusa ninkawa. Bari sai kaka." Shawarar da kowane mai hankali zai bayar ke nan a kan dabba. Ban san cewa zuciyar yaro ba ta bin kalandar kasuwa ba.

Bari in yi bayanin abin kamar yadda aka yi mini daga baya, da misalin da duk mutumin Jazira zai gane. Zuciya ɗakuna huɗu ce. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu kuma, wanda ya fi ƙarfi, yana tura shi zuwa sauran jiki. Ku ɗauka cewa babbar tur'a ce da ƙaramin abu-ishirin suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai gaɓar da ke tsakaninsu ta ɓalle. Ruwan babbar zai kwararo cikin ƙaramar, hawashar da ke kusa ta nutse, ta nesa kuma ta bushe. Haka jini yake malalowa cikin huhun yaro ya jiƙe shi, shi ya sa haki da tari da limoniya ba sa ƙarewa, jiki kuma ba ya samun abin da zai girma da shi. To, jijiyoyin huhu ba sa zama su zura ido. Suna ƙara kauri, suna ƙanƙancewa domin su tare ambaliyar. Da farko in an toshe hudar sukan saki su koma daidai. Amma in aka bar su shekara biyu, uku, sai su ƙage har abada. Daga nan jinin ya juya, wanda bai ɗebo iska ba ya riƙa tsallakawa cikin jiki, harshe da dasashi da farce su yi duhu-duhu. In an kai nan, toshe hudar kashe yaron zai yi, domin ita ce kaɗai mafitar da ta rage wa zuciyar. Wani likita mai suna Eisenmenger ne ya fara bayyana wannan hali a 1897, da sunansa ake kiran ciwon har yau.

Yanzu ga lissafinmu, ina da shi a rubuce. Kaka ta zo, amma kafin a kai bijiman nan biyu kasuwa domin tafiya, Ladi ta sake kwanciya, sau biyu a jere, kuɗinsu ya tafi a gado da allura da iskar kwalba. Ga biyu. Karsana ɗaya ta tafi wajen masu magani na nesa da na kusa. Ga uku. Kuma za ku tuna yadda ƙarshen 2018 ya kasance: ba tsabar kuɗi a banki, layin mai ya fi layin ruwa tsawo, falke na karɓar dabba ya ce a dawo bayan wata. Da rani ya zo ƙanena bai iya bin sauran jama'a kudu wajen Damazin ba, saboda ba zai yi nisa da asibiti ba. Ya tsaya yana sayen kara da harawar gyaɗa a hawashar mutane. Shanu biyu suka kwanta don yunwa, ɗaya kuma aka sayar aka biya tarar ɓarnar da garken ya yi a gonar wani. Shida ke nan. A farkon 2020 ya ɗaura niyya da gaske, ya sayar da bijimai uku ya ƙulle kuɗin. Sai ga korona, aka rufe Khartum a watan Afrilu, aka hana motoci shiga daga jihohi. Kuɗin ya zauna a akwati. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar jine, dalar da ake lissafawa 55 a banki ta koma 375, kuma a wannan shekarar tsadar kaya ta kai kashi 359 cikin ɗari. Kuɗin bijimai uku ya koma bai kai na maraƙi ba. Tara.

A nan ne abin da ya fi yaudararmu ya faru, kuma shi nake so kowane uba ya riƙe ko da ya manta sauran. Da Ladi ta kai wajen shekara uku, sai ta samu sauƙi. Tarin ya tsaya, hakin ya ragu, ta fara cin tuwo, ta ɗan yi ƙiba, ta yi wata da watanni ba a kwantar da ita ba. Muka yi sadaka. Mata suka ce ai ramin ya cike, ni ma na ce da ƙanena ka ga amfanin haƙuri. Ashe jijiyoyin huhun ne suka gama ƙagewa, ambaliyar ta ragu ne domin hanyar ta toshe. A daidai lokacin da muke murna ne damar yin aikin take kuɓuce mana. A 2022 aka lura harshenta ya canza launi, kan yatsunta ya kumbura. Aka tafi Khartum, aka yi mako shida, aka zura mata siririn roba ta jijiya har cikin zuciya aka auna. Shanu biyu suka tafi a wannan zama. Likitan ya kira mu ni da uban, ya ce da shekara huɗu da suka wuce ne da ya yi aikin da yardar Allah, amma yanzu sai dai magani na rage wahala. Wasu biyun kuma suka bi kuɗin wannan magani kafin yaƙi ya ɓarke. Shanu 13, a kan abin da bijimai biyu ramammu za su iya ɗauka a 2018.

Kuma wannan lissafin kawunan da suka fita ne kurum. Duk makiyayi ya san cewa wanda ya sayar da mace ya sayar da 'ya'yanta da jikokinta. Daga cikin 13 ɗin nan biyar mata ne masu haihuwa ko dab da haihuwa. Ku lissafa maruƙan da za su bayar cikin shekara bakwai, da nonon da za a tatsa. Nonon nan kuwa na uwar Ladi ne, da shi take sayen sabulu da shayi da sukari da suturar yara ba tare da ta tambayi kowa ba. Shekara uku ba ta ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa ba, tana zaune a bakin gado. Yayar Ladi aka cire daga makaranta tana aji huɗu don ta riƙa girki, ba ta koma ba. Sannan ku fatake, ku yi haƙuri da ni, kun san gaskiya: dillali yana sansano mai buƙata tun daga bakin kara. Mutumin da ɗansa ke kwance a asibiti ba ya iya cewa albarka ya juya da dabbarsa. Duk abin da aka taya shi zai sallama. Ban taɓa ganin ƙanena ya sayar da dabba ɗaya cikin waɗannan a farashinta ba. Wanda ya yanke shawara da wuri shi yake zaɓen dabbar da zai fitar da ranar da zai fitar da ita. Wanda ya jira, ciwon ne yake zaɓa masa.

Na san wani falke daga wajen Mai Wurno da aka haifa wa ɗa da wani nau'in ciwon, wato wata jijiya da ya kamata ta rufe kwanaki kaɗan bayan haihuwa amma ta ƙi. Shi bai nemi shawarar irina ba. Sa ɗaya da raguna biyu ya sayar, aka toshe jijiyar yaron yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ba a ma tsaga ƙirji ba, ta cinya aka bi. Yanzu yaron yana kora maruƙa zuwa bakin kogi. Ba sabon ilimi ba ne: tun 1938 wani likita a Boston ta Amurka ya fara ɗaure irin wannan jijiya.

Kada mai karatu ya zaci abin tsautsayin gida ɗaya ne. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin jarirai 1,000 da ake haifa, kamar 8 ko 9 suna zuwa da wani lahani a zuciya, wato kusan ɗaya cikin ɗari, a kowace ƙasa da kowace ƙabila. Ku ƙirga sunan da aka yi a ƙauyukanmu daga Haj Abdalla zuwa Sinnar zuwa Sinja cikin shekara guda, ku ga yara nawa ke nan. Kusan ɗaya cikin huɗu daga cikinsu nasu mai tsanani ne, yana buƙatar aiki tun kafin su cika shekara. Akwai wanda ake haifa da manyan jijiyoyin zuciya a juye, jikinsa ya yi duhu tun ranar farko, wannan kwanaki ne da shi, ba watanni ba, kuma da yawansu muna binne su kafin suna mu ce ba su zo da kwana ba. Akwai yaron da in ya yi 'yar tafiya sai ya tsuguna don ya samu numfashi, in ya yi kuka mai yawa ya shiɗe, a ce aljanu ne. Amma akwai labari mai daɗi kuma: hudar da take ƙarama sau da yawa takan toshe da kanta, ba wuƙa ba komai. Shi ya sa nake cewa abu mafi arha a cikin wannan al'amari shi ne sani. Hoton eko ba ya cin rago guda, kuma shi ne zai gaya maka ko kana cikin masu kwanciya da hankalinsu ko cikin masu gudu. Ido ba ya rarrabewa, kunnen kaka ma haka.

Ba laifin uwa ba ne, ina so a ji wannan, domin na ga auren da ya mutu a kansa. Mafi yawan lokuta ba a san dalili ba. An dai san wasu abubuwa suna ƙara haɗarin: ciwon sukari ga mai ciki in ba a kula da shi ba, da wani ƙyanda mai sauƙi da ake kira rubela in ya kama mace a farkon ciki, wanda aka shigar da rigakafinsa a Sudan a 2024, da kuma auren zumunci na kusa da kusa ana maimaitawa. Wannan na ƙarshe ya shafe mu, don mu ne masu aurar da 'ya ga ɗan wa saboda kada shanu su bar gida. Ban ce a daina ba, ni ma 'yar baffana nake aure. Na ce gidan da aka taɓa samun irin wannan ciwo su kai jariri na gaba a duba shi ko da lafiya ake gani.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a fuskata wajen taro. Wani dattijo ya ce ajali ba ya jinkiri ba ya gaggawa. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma shi wannan dattijo, ran da harbin daji ya shiga garkensa, da dare ya tashe ni neman mai allura, bai jira gari ya waye ba. Iyayenmu sun jera shanu a rana suna jiran allurar bushiya shekara da shekaru, har aka sanar a 2011 cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ba wanda ya ce musu sun rasa tawakkali. Malamanmu ma sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya warware dogaro ga Allah. In mun san wannan a kan saniya, yaya za mu mance shi a kan ɗa?

Magana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa, to mun yarda, ina za a kai yaron? Ko kafin yaƙi wuraren da ake buɗe zuciyar ƙaramin yaro a Sudan ba su da yawa, kusan duk a Khartum suke, sai cibiyar zuciya ta Madani. Layi dogo ne, ƙwararru 'yan kaɗan, ana yawan jiran tawagar likitocin waje da ke zuwa su yi mako guda su tafi. Akwai cibiyar Salam da ke Soba, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, inda ba a karɓar ko sisi, ko da yake mafi yawan aikinta a kan ƙofofin zuciya ne da ciwon maƙogwaro ke lalatawa, wanda shi daban ne da na haihuwa. Akwai cibiyar Magdi Yakub a Aswan ta Masar tun 2009, ita ma kyauta, sai dai tun Yunin 2023 Masar ta ɗora biza a kan kowa har mata da yara. Mai hali yakan tafi Indiya da dubban daloli. Sannan yaƙi ya zo ran 15 ga Afrilun 2023, Madani ta faɗa hannun Da'am Sari' a Disambar wannan shekara, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta, da ita da garinmu. An wawashe asibitoci, likitoci sun watse, shanun da aka kora daga Jazira da Sinnar Allah kaɗai ya san yawansu. Yaran da lokacinsu ya ƙure a cikin waɗannan watanni ba laifin iyayensu ba ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Amma fa tsawon layi hujja ce ta a yi sammako. Wanda ya san mashaya na da cunkoso ba ya bari sai azahar ya kora. Ba a kiran sunan da ba a rubuta ba. Mu a 2018 hanya a buɗe take, motar Khartum na tashi kullum, tafiyar yini ɗaya ce. Farashin sa muka tsaya dubawa. Yanzu da hanyar Madani ta sake buɗewa, kuma garken kowa ya ragu, na ji maganar nan tawa tana dawowa daga bakin wasu: bari mu ɗan farfaɗo tukuna. Ga mai shanu 34 ta yi ɓarnar da kuka ji. Mai shanu takwas, ba abin da zai rage masa.

Akwai haƙƙinmu kuma a wuyan hukuma. Mu ne muke fitar da zakkar dabbobi, maraƙi a cikin shanu 30, tunkiya a cikin 40, kuma ma'aikatan Diwanin Zakka sun san hanyar kowace ruga in lokacin karɓa ya yi. Ragunanmu ne ake lodawa a Sawakin zuwa Saudiyya su kawo wa ƙasa kuɗin waje. Inshorar lafiya ta ƙasa a nan maƙwabtanmu, jihar Sinnar, aka fara ta a 1995, amma ku zagaya mashekari ku tambayi mutum nawa ke da katin. Makiyayi yana damina a wata jiha, yana rani a wata, takardunsa kuma in yana da su suna can wata. Mu da ake ce wa Fallata mun san wahalar da ake sha kafin a samu lambar ɗan ƙasa, alhali kakanninmu suna bakin kogin nan fiye da shekara ɗari. Abin da muke nema ba mai yawa ba ne: katin da zai bi mutum duk jihar da shanunsa suka kai shi, da wani kaso na zakkar dabbobi da za a ware don kuɗin hanya da masaukin yaran da aka tura aikin zuciya. Ko inda aikin kyauta ne, mota da abinci da zaman wata guda a birni su ne suke kayar da talaka. Jami'ar Jazira ta yi suna wajen tura ɗaliban likitanci ƙauyuka. To a haɗa da rugage. Yanzu akwai na'urar eko da ake ɗauka a jaka, akwai kuma wani ɗan abu kamar maƙalin shanya da ake maƙala wa jariri a ƙafa ya nuna yawan iskar da ke jininsa cikin minti guda. Ungozomar ƙauye za ta iya koyonsa a yini ɗaya. In ana iya tara shanu dubu a wuri guda don allura, ana iya duba yaran masu shanun a wannan rana.

Sai dai ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran hukuma ba, ita ma shawarar "bari sai kaka" take bi. Na gabatar wa shugabannin reshenmu cewa mu kafa asusu, amma ba na takardar kuɗi ba. Mun ga abin da ya sami kuɗin ƙanena a akwati, kuma dalar da take wajen jine 600 kafin yaƙi ta haura 3,000 a kasuwa a 2025. Asusunmu ya tsaya da ƙafa huɗu. Kowace ruga ta ware maraƙi ɗaya ko raguna biyu, a yi musu alama, su ci gaba da kiwo a cikin garken masu su. Ran da likita ya ce a tafi da yaro, a fitar da wanda ya fi ƙiba a sayar, uban ya biya da dabba irinta cikin shekara biyu. Fulani sun daɗe da irin wannan a al'adar haɓɓanaye, inda ake ba wanda ya rasa aron karsana har ta haifa masa. Ga fatake kuma roƙona ɗaya ne. In mutum ya zo kara da takardar asibiti a hannu, a saya a farashin ranar, a biya shi nan take ko ta Bankak, dillali ya yafe la'ada. Wani falke ya yi mini dariya ya ce ai kowa zai zo da takarda. Na ce to a zo da ita ta hannun ƙungiya, mu mun san gidan kowa.

An amince da rabin maganar, wato rubuta sunaye. Batun maruƙan an ce sai an sake zama, saboda wasu na ganin yaƙi bai bar musu abin warewa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na fara zagayawa da littafi. Tambayata ga iyaye mata ce, ba maza ba, domin su ne suka sani: yaron yana gumi in yana shan nono, yana saki yana haki, an kwantar da shi a kan ƙirji fiye da sau ɗaya, ƙannensa sun fi shi girma, yana tsugunawa in ya yi tafiya? Cikin rugage da kambo-kambon da na kai zuwa yanzu na rubuta yara bakwai. Uku an kai su an duba, ɗaya aka ce ƙaramar huda ce a dawo bayan shekara, ɗaya ba zuciya ba ce tamowa ce, ɗaya kuma an ce a yi sauri. Uban wannan na ukun ya zo mini da maganar cewa shanunsa ba su cika ba tukuna. Na kama hannunsa na kai shi gidan ƙanena.

Ladi tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, inda take yini. Shekararta takwas, tana da wayo ƙwarai, ita ce ke riƙe wa uwarta lissafin nono da ka. Daga ɗaki zuwa dangwali sai ta huta sau biyu. Likita ya riga ya gaya wa iyayenta cewa ko Allah ya ja kwananta ta girma, ɗaukar ciki haɗari ne babba a gare ta, kuma ba wanda ya san yadda zai faɗa mata wannan in lokaci ya yi. Da ta gan mu ta ce, "Baffa, yau ma da littafin ka zo?" Na ce da shi na zo. Baƙon nawa ya daɗe yana kallon yatsunta bai ce komai ba. Washegari da sassafe na gan shi ya nufi kasuwa yana jan wani ja-jan sa, ramamme, ɗansa babba na kora masa daga baya.